Kafin a Yi Sadakar Uku: Yadda Ake Fitar da Ɗan Takara a Zaɓen Cike Gurbi

Na taɓa zuwa ta'aziyyar wani ɗan majalisar tarayya a garinsu, kwana biyu da rasuwarsa. An kafa rumfuna a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, motoci sun cika filin makarantar firamaren da ke kusa. Tawaga ta sauko, a yi addu'a, a shafa, a gaisa da 'yan'uwa, a tashi, wata ta maye gurbinta. Ina zaune can gefe kusa da wani dattijo da ya daɗe yana riƙe da jam'iyya a gundumarsu. Can sai ya sunkuyo ya ce da ni, "Malam, ka ga wancan mai farar shaddar? Yau zuwansa na uku ke nan." Na ce ai zumunci ne. Ya ce, "Zumunci ne, Allah ya ba shi lada. Amma ka lura da inda yake zama." Na duba, sai na ga babban ɗan mamacin a damansa, shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma a hagunsa. Ba a yi sadakar uku ba, sunaye huɗu sun riga sun zagaye rumfar nan.

Ban ga laifin dattijon ba, ban kuma ga na mai farar shadda ba. Kujera ba ta zama haka nan, dole wani ya hau. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cikin mutanen da suka cika tabarmin nan, manoma da 'yan tireda da malaman makaranta waɗanda su ne masu kujerar, babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa wa yake so. Tambayar kowa ita ce wa za a ba.

Da yawa suna ɗaukar raɗe-raɗin 'yan takara a matsayin hirar teburin mai shayi. Ni a ganina a zaɓen cike gurbi, cikin wannan ƙus-ƙus ɗin ake yin takarar gaba ɗayanta. Ranar zaɓen fid da gwani sau da yawa sa hannu kawai ake zuwa yi. Dalilin kuwa yana cikin yadda doka da hukumar zaɓe suka raba lokaci.

Sashe na 76 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce idan gurbi ya samu a majalisar tarayya, a cike shi cikin wata ɗaya. A aikace hukumar INEC ba ta motsawa sai shugaban majalisar dattawa ko kakakin majalisar wakilai ya rubuta mata cewa kujera kaza ta zama babu kowa, kuma ko an rubuta ɗin sai ta ce tana jiran kuɗi. Isa Dogonyaro, mai wakiltar Babura da Garki a Jigawa, ya rasu a watan Mayun 2024. Ekene Adams na Chikun da Kajuru a Kaduna ya rasu a Yulin shekarar, haka Sanata Ifeanyi Ubah na Anambra ta Kudu. Ba a yi zaɓen cike waɗannan gurabe ba sai ranar 16 ga Agustan 2025, lokacin da hukumar ta haɗa mazaɓu 16 a jihohi 12 ta yi su rana ɗaya. Mutanen Babura da Garki sun yi wata 15 ba su da bakin magana a majalisar wakilai. An yi kasafin kuɗi guda cur ba tare da nasu ya ɗaga hannu ba.

To bayan wannan dogon jira, kwana nawa aka ba jam'iyyu su yi zaɓen fid da gwani? Biyar, daga 17 zuwa 21 ga Yuli. Yaƙin neman zaɓe kuma bai cika mako biyu ba. Wata 15 na shiru, sannan kwana 5 na gaggawa. A cikin shirun nan ne ake kai gwauro ana kai mari tsakanin gidan gwamnati da Abuja da gidajen jagorori, ana gwada sunaye, ana jefar da wasu. Idan gaggawar ta zo, wanda bai riga ya shiga wannan layin ba, ko da shi ne ɗan lelen gari, ba shi da lokacin da zai zagaya gundumomi ya nemi goyon baya. Shi ya sa mai hasashe ba ya ɓata lokacinsa wajen auna farin jini. Ya san inda ake yanka.

Sunan da ke fara fitowa kusan kullum daga cikin gidan mamacin yake. Wannan Babura da Garki ɗin ta taɓa ganin haka: Muhammad Adamu Fagen Gawo ya rasu a ƙarshen Disamban 2019, a Maris ɗin 2020 ɗansa Musa ya ci zaɓen cike gurbin a ƙarƙashin APC. A Kano, 'yan majalisar jiha biyu, Aminu Sa'adu na Ungogo da Sarki Aliyu Daneji na Birni, sun rasu rana ɗaya a Disamban 2025, kuma 'ya'yansu aka tsayar a zaɓen da ya biyo baya, suka ci. Na fahimci abin da ke jawo wannan. Akwai tausayi, wanda na gaske ne. Mutum ya zuba dukiyarsa, wani lokacin har da bashi, ya ci zaɓe, bai yi rabin wa'adi ba Allah ya karɓi abinsa, ya bar iyali da ɗawainiya. Akwai kuma lissafi. Ɗan mamaci yana zuwa da mutanen ubansa a haɗe, ba sai an sake gina komai ba, kuma tsayar da shi yana rufe bakin sauran masu nema, don ba mai son a ce shi ne ya yi jayayya da maraya. Ga jam'iyyar da ke tsoron rabuwar kai, babu hanyar da ta fi wannan sauƙi.

Bahaushe ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma ba na cewa ɗan ɗan majalisa ba zai iya ba. Wani ma yakan fi uban. Damuwata ita ce kujerar wakilci ba gona ba ce, ba ta cikin abin da ake rabawa magada. Idan ɗan ya cancanta, a bar shi ya tsaya da sauran, ya kayar da su a fili, shi ma zai fi jin ƙarfin zama a kujerar. Idan ana son a taimaki iyalin mamaci, hanyoyin taimako suna da yawa waɗanda ba sai an biya da ƙuri'ar mutane ba. Wani abin lura kuma, a wajenmu ko a gadon ma ba a ambaton mace. A Ghana, da Emmanuel Agyarko na Ayawaso West Wuogon ya rasu a 2018, matarsa Lydia Alhassan jam'iyyar NPP ta tsayar, ta kuma ci a Janairun 2019. A rumfar da na zauna, cikin sunaye huɗun nan babu na mace, kuma ba na jin ya zo a ran kowa.

Inda jam'iyya ta yi wasa da wannan tausayin kuwa, takan ɗanɗana kuɗarta. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Osun ta Yamma. Sanata Isiaka Adeleke ya rasu a Afrilun 2017, ƙaninsa Ademola ya nemi tikitin APC. Da ya ga uwar jam'iyya ta wanke Mudashiru Hussain, kwamishina a gwamnatin Rauf Aregbesola wanda kwamitin tantancewa ya fara cirewa, sai ya gane inda aka dosa. Ya tsallaka PDP, aka ba shi tikiti nan take, ya kuma lashe ƙananan hukumomi 9 cikin 10 a watan Yuli. Daga wannan kujerar ya kama hanyar da ta kai shi gidan gwamnatin Osun a 2022. Duk gwamnan da ke zaune yana auna sunaye, wannan labarin yana cikin kansa.

Bayan jini sai ƙasa. Yawancin mazaɓun tarayya haɗin ƙananan hukumomi biyu ne ko uku, na sanata kuwa wasu har sukan haura goma, kuma kusan kowace tana da yarjejeniyar karɓa-karɓa wadda ba a rubuta ba amma kowa ya san da ita. Da an yi rasuwa, mutanen ƙaramar hukumar mamaci za su ce a bar su su ƙarasa wa'adinsu. Maƙwabta za su ce rabo ne ya tsaga, ai su ma sun daɗe suna jira. Idan ka ji an ce "masu ruwa da tsaki" na wani yanki sun kira taron manema labarai suna neman adalci, ka tabbata akwai sunan da ke bayan taron, ko da ba a furta shi ba.

Sai dai duk waɗannan suna tafiya ne su tsaya a ƙofa ɗaya, ƙofar gwamna, ko ta jagoran jam'iyya a jihar da ba ta da mulki. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓukan cike gurbin 2024 da 2025 a ƙarƙashinta, ta ba jam'iyyu hanya uku: 'yar tinƙe inda kowane ɗan jam'iyya zai jefa ƙuri'a, ko zaɓen daliget, ko maslaha. Ta ce maslaha ba ta tabbata sai duk waɗanda aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye, idan ɗaya ya ƙi a koma zaɓe. A takarda wannan kariya ce mai kyau. Amma ka yi tunanin ɗan kasuwa ko tsohon shugaban ƙaramar hukuma da aka kira gidan gwamnati da daddare, aka ajiye masa takarda, aka ce mai girma yana roƙon alfarma. Kwangilarsa tana hannun gwamnati, ƙaninsa yana riƙe da muƙami, shi kansa yana hangen wata kujera a gaba. Mutum nawa ne za su mayar da biron nan ba su sa hannu ba?

Zaɓen daliget ma bai fi ƙarfin gidan gwamnati ba. Dokar ta 2022 ta cire daliget na dindindin, wato zaɓaɓɓu da tsofaffin masu muƙami, ta bar waɗanda aka zaɓa musamman daga gundumomi. A 2022 APC 5 take fitarwa daga kowace gunduma, PDP 3. Ke nan mazaɓar da ke da gunduma 20, mutum 100 ne ko 60 za su yanke wa dubban ɗaruruwa hukunci. Wanda ya rubuta jerin sunayen mutum ɗarin nan, shi ya fitar da ɗan takara. Ga kuma kuɗin fom: a 2022 APC ta sayar da na sanata naira miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. Babu mai hankalin da zai zuba wannan kuɗi a kan ragowar wa'adi sai ya ji ƙamshin amincewa daga sama. Saboda haka tacewar farko tana faruwa tun kafin a buɗe sayar da fom.

Me ya sa gwamna zai damu da kujerar da saura mata ƙasa da shekara biyu? Saboda ba ragowar wa'adin ake saye ba. Wanda ya ci a Agustan 2025 ya shiga kakar fid da gwani ta zaɓen 2027 yana kan kujera, da ofis, da ayyukan mazaɓa da zai nuna, kuma ture mai ci ya fi hana sabo wuya. Ban da haka, zaɓen cike gurbi ma'auni ne na ƙarfi, duk ƙasa tana kallon wuri ɗaya. Dubi sakamakon zaɓukan Agustan 2025 ɗin. Chikun da Kajuru ta Leba ce, ta koma APC ta Gwamna Uba Sani. Ibadan ta Arewa ta APC ce, ta koma PDP ta Seyi Makinde. Anambra ta Kudu ta faɗa hannun APGA ta Charles Soludo. Bagwai da Shanono a majalisar jihar Kano, wadda marigayi Halilu Kundila ya riƙe a APC kuma take cikin yankin Sanata Barau Jibrin, NNPP mai mulkin jihar a lokacin ta ɗauke. Ba ko'ina ba ne, don a Ƙaura Namoda ta Kudu APC ta ci a Zamfara, jihar da PDP ke mulki a lokacin. Amma yawanci tikitin jam'iyyar gwamna tamkar takardar shaidar cin zaɓe ce, shi ya sa faɗan samunsa ya fi na zaɓen kansa zafi.

Akwai wani lissafin da masu hasashe na gaske ke yi wanda mai kallo daga nesa ba ya gani, wato kujerar da za ta buɗe a bayan wadda ake magana. Da Sanata Mustapha Bukar na Katsina ta Arewa ya rasu a Afrilun 2018, APC ta tsayar da Ahmad Babba Kaita, PDP ta tsayar da ɗan'uwansa Kabir, gida ɗaya jam'iyya biyu. Ahmad ya ci a Agusta, sai kujerarsa ta majalisar wakilai, Kankiya da Kusada da Ingawa, ta zama babu kowa. Aka sake zaɓe a Nuwamba, Abubakar Yahaya Kusada ya ci, shi kuma kakakin majalisar jihar ne, ya bar tasa kujerar. Rasuwa ɗaya ta motsa kujeru uku. A Bauchi ma haka aka yi a shekarar: Lawal Yahaya Gumau ya gaji Ali Wakili a majalisar dattawa, aka sake zaɓe a Toro don cike kujerarsa ta majalisar wakilai. Don haka idan ka ga wani ɗan majalisar jiha ya zage yana tallata ɗan majalisar tarayya don ya zama sanata, mai yiwuwa ƙauna ce, mai yiwuwa kuma takalmin da za a cire yake kallo.

Su kansu sunayen da ke yawo ba duka ne na masu neman kujera ba. Wani yana sa a buga masa fosta ne, a ce "masoya" suka ɗauki nauyi, don idan an zo sasanci a kira shi a ba shi haƙuri da muƙamin mai ba da shawara ko a mayar masa da kuɗin fom da ɗan ƙari. Wani sunan abokan hamayya ne ke sakinsa da wuri, su sa sojojin baka su yi ta yayata shi a rediyo da Facebook har jagora ya ji haushin cewa ana yi masa shisshigi, ya soke shi. Wani kuma daga gidan gwamnati ake jefa shi kamar tsakuwa a rijiya, a ji zurfin ruwa. Idan gari ya yi tsit, a ci gaba. Idan aka yi ca, a ce ai jita-jita ce. Ni abin da nake dubawa kaɗan ne. Kwamishina ko mai ba da shawara ya ajiye aiki? Dokar 2022 ta hana mai riƙe da muƙamin siyasa tsayawa a zaɓen fid da gwani, kuma ba mai sakin na hannu sai an yi masa alkawari. Wa ya raka shi sayen fom? Idan shugabannin jam'iyya na ƙananan hukumomin mazaɓar duka suna cikin hoton, magana ta ƙare. Sannan wane ne ya yi shiru bayan ya fi kowa surutu a makon jiya? Wannan an riga an gana da shi.

Inda sasanci ya gagara, sai kotu, kuma nan ne jama'a ke yin asara ta biyu. Sanata Benjamin Uwajumogu na Imo ta Arewa ya rasu a Disamban 2019. Aka yi zaɓe a Disamban 2020, amma saboda Ifeanyi Araraume da Frank Ibezim kowa yana riƙe da hukuncin kotu cewa shi ne ɗan takarar APC, hukumar zaɓe ta ce jam'iyya ta ci ba tare da ta ambaci mutum ba. Sai a Afrilun 2021 aka rantsar da Ibezim. A Kuros Riba ta Arewa, bayan rasuwar Rose Oko, an rantsar da Stephen Odey na PDP, ya yi watanni yana zama a zauren, sannan kotu ta ce Jarigbe Agom Jarigbe ne halastaccen ɗan takara, aka rantsar da shi a Satumban 2021. Mutanen Zamfara kuwa ba sa buƙatar a tuna musu abin da Kotun Ƙoli ta yi a Mayun 2019, lokacin da rashin sahihin zaɓen fid da gwani ya sa APC ta rasa duk kujerun da ta ci. Tsoron irin wannan ne ma ke ƙara tura jam'iyyu ga maslaha, a tattara sa hannun kowa a rufe ƙofar ƙara. Maganin ɗauki-ɗora sai ya zama wani ɗauki-ɗoran mai takarda.

Farfesa Mahmood Yakubu, lokacin yana shugabancin hukumar zaɓe, ya sha kokawa cewa zaɓukan cike gurbi suna zuwa ba shiri, ba sa cikin kasafi, kuma wani yana haifar da wani, ya nemi a duba hanya mai sauƙin kuɗi. Daga cikin shawarwarin da ake kawowa akwai cewa jam'iyyar mamaci kawai ta miƙa sunan madadinsa, ba sai an yi zaɓe ba. Wannan ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ɗan abin da ya rage a hannun talaka shi ne ranar zaɓe yana iya cewa a'a, kamar yadda aka ce a Osun ta Yamma. Idan aka cire wannan, abin da ake ƙullawa a ɗaki da dare ya zama doka, kuma rumfar makoki ta zama ita ce rumfar zaɓe.

Jinkirin ma ba dole ba ne. A Ghana tsarin mulki ya ba da kwana 60 idan rasuwa ce, kuma galibi ana bi. Ernest Kumi na Akwatia ya rasu a farkon Yulin 2025, ranar 2 ga Satumba mutanensa suka zaɓi wani. Gajeren lokaci bai hana manya tsoma hannu ba a can ma, amma aƙalla mazaɓa ba ta shekara ba wakili.

Idan kuɗin zaɓen ne ya yi nauyi da gaske, tsarin da maƙwabtanmu na Nijar suka yi aiki da shi kafin juyin mulkin 2023 ya fi cancanta a duba. Can kowane ɗan takarar majalisar dokoki yana tsayawa ne tare da wanda zai maye gurbinsa, idan ya rasu ko aka ba shi minista, wancan ya hau. Shi ma yana da nasa matsalolin, don babba yana iya ɗauko yaronsa ko ɗan'uwansa ya maƙala. Bambancin shi ne ana sanin sunan tun kafin a jefa ƙuri'a, mai zaɓe a Maraɗi ko Damagaram yana iya tambaya wane ne wannan na biyun, ɗan wane gari ne, me ya taɓa yi, tun mai kujerar yana da rai.